Ƙunshin Gashi da Farce

"Ba zan ba su ba," na ce.

Sajan ya tsaya riƙe da gorar da aka fere bakinta kamar mashi. A bayana ɗalibaina mata sun ja layi a filin makaranta, ga mutum-mutumin ciyawa ɗaure a turke. Shekarar ƙarshe ce ta yaƙi. Hedikwatar tsaron gida a Tokyo ta yanka ƙasar gunduwa-gunduwa, kowace runduna da gaɓar tekun da za ta mutu a kanta. Mu mutanen Miyazaki an ce ta wajenmu abokan gaba za su sauka, don haka mace da namiji kowa ya zama sojan sa-kai.

"Malama Sumie, umarni ne daga sama."

"Lissafi aka ɗauke ni in koyar, ban iya farke ciki ba."

Wani ya yi tari don ya danne dariya. Laftanan ne siriri, tabaransa ɗaure da zare. Hidaka Tomoharu sunansa, daga jami'a aka ɗebo shi.

Kashegari aka kore ni daga aiki. Shugaban unguwa ya rage mana rabon shinkafa, maƙwabta suka daina amsa gaisuwarmu. Ni kuwa na ci gaba da wucewa ta tsakiyar kasuwa kaina a sama.

Tomoharu kaɗai yake zuwa gidanmu, da dankali a aljihu.

"Sarauniyar gardama, kin ci wani abu yau?"

"Na ci iska na ƙoshi. Kai fa, mai ido huɗu, ka gama haƙa kabarinka?"

"Ramin yaƙi ake cewa, Malama. Saura kaɗan."

Baba ya tare ni a ƙofa. "Kin jawo mana sunan maciya amana, yanzu kuma gawa mai tafiya kika kawo mini? Kin san aikinsu? Bam za su goya su shige ƙarƙashin tankar yaƙi."

Na sani.

Ran nan da hantsi Tomoharu ya zo ba dankali. Ya miƙo mini farar takarda a naɗe da hannu biyu. Ba sai na buɗe ba. Sojan da ba a sa ran samun gawarsa yakan yanke gashinsa da farcensa ya bar wa uwarsa ko matarsa, su za a binne a madadinsa.

"Ban aika wa Innata ba," ya ce. "Ke na kawo wa."

Na mai da hannuwana baya. "Ba zan karɓa ba."

Fuskarsa ta mutu. Ya rusuna kamar baƙo, ya juya. Bai sake dawowa ba.

Ɗalibaina kuma aka haɗa su da wani malami, ya kai su jidar ƙasa a filin jiragen sama. Can jirgin abokan gaba ya sauko ya buɗe musu wuta. Kinu, Tomiko da Yae ba su dawo gida ba.

Bayan rediyo ya sanar an ajiye makamai, na ga Tomoharu a bakin rijiya, kafaɗunsa ba tambari.

"Na zo sallama. Na gane ba ki so na."

"Da karatunka duka? Gashi da farce ka kawo mini, wawa. Ni mutumin gaba ɗaya nake so."

Ya cire tabaransa yana gogewa. "To ga shi nan, Sarauniya. Ya rame dai."

A lokacin kaka aka ɗaura aurenmu a gaban wurin ibadar ƙauye. Muka kurɓi giyar shinkafa daga ƙoƙuna uku kamar yadda aka saba. Baba ya dafa kanmu. "Ku tsufa tare," ya ce, "ku ga jikoki cikin zaman lafiya."

Mahaifiyar Yae ta tsaya a bayan taro, ba ta zauna ba, ba ta ci komai ba.

Ko yau aka miƙo mini gorar nan ba zan karɓa ba. Amma da na karɓa, da ina ajina, da ban bar su sun taka filin jiragen ba. Tsayuwata ta ci 'yan mata uku, ga miji na samu, su ko shekarun aure ba su kai ba.