Tuffar Bayan Tashin Kasuwa

Ranar Asabar ce, ƙarfe biyu da rabi, kasuwar Barbès da ke Paris ta tashi. 'Yan kasuwa suna naɗe rumfuna a ƙarƙashin gadar jirgin metiro, motar shara tana tahowa a hankali. Salifou ya fito daga wani bene inda ya gama gyaran asansar, na'urar nan mai hawa da mutane bene, jakar kayan aiki a kafaɗa, sai ya ga wata budurwa tsugune gaban akwatunan katako da aka jibge don zubarwa. Tana ɗaukar tuffa ɗaya bayan ɗaya, ta juya ta, ta shinshina, ta jefa a buhu.

Tausayi ya kama shi, irin tausayin nan na wanda bai tsaya ya yi tambaya ba. Ya shiga kanti ya sayo tuffa mai sheƙi cikin leda, ya miƙa mata da Faransanci mai ladabi. Ta dubi ledar, ta dube shi, ta ce da Hausa, kamar da kanta take magana, "Allah Ya raba mu da masu sadakar dole."

"Ashe Bahaushiya ce," in ji shi.

Ba ta ji kunya ba. Ta ce sunanta Sabuwa, kuma tuffarsa tana da mai saye, tata kuwa nan da minti goma mota za ta kwashe ta. In taimako yake so ya yi, ga buhu nan ya ɗauka. Ya ɗauka. Kilo goma sha biyar ne, ya kuma hau da shi hawa huɗu a gidan da ba asansar, har ɗakin girkin da ke saman shagon ɗinkin mahaifinta, Malam Ɗanyaro, a unguwar Goutte d'Or.

Malam Ɗanyaro ya biyo su da tsumma a wuya, ya zauna bakin ƙofa yana kallo. Sabuwa ta wanke tuffar sau biyu, ta ƙwaƙule duk inda ya bugu, ta fere siriri, ta cire ƙwallon ciki, ta yayyanka. Ta matsa lemun tsami don kada ta yi baƙi, ta zuba ruwa rabin kofi, ta rufe tukunya a kan wuta kaɗan. Bayan minti ashirin ta murƙushe da muciya, ta barbaɗa kirfa. Abin da Faransawa ke kira kompot ke nan. Ba ta sa sukari, domin tuffar da ta nuna har ta faɗi ta fi kowace zaƙi, kuma masu cin abin yawancinsu suna da ciwon sukari.

Su ne tsofaffin ma'aikatan da ke zaune a wani fuwaye, wato gidan kwanan baƙin ma'aikata, a Saint-Denis, mutanen Damagaram da Tawa da suka ƙare ƙarfinsu a gini da sharar titi, haƙora suka zube, ba mata ba 'ya'ya kusa. Duk Lahadi takan kai musu kwalba ashirin. Tana karatun aikin jinya, ta san abin da tsoho ke iya haɗiyewa.

Salifou ya ɗanɗana cokali ɗaya. Ya nemi na biyu, ta ce na tsofaffi ne.

Shi mutumin Lyon ne, kamfaninsu ya turo shi Paris na wata shida. Asabar ta gaba ya dawo ɗaukar buhu, ta gaba ma haka. Kafin sanyi ya shigo sosai, saƙonni sun fara yawo tsakaninsu.

"Sabuwata, yau na yini cikin ramin asansar, amma hannuna ƙamshin kirfa yake. Me kika yi mini?"

"Ban yi maka komai ba, Malam mai sadaka. Ba ka wanke hannu da kyau ba ne. Ka ci abinci?"

"Na ci. Amma ban ƙoshi ba sai na ji muryarki."

Ya gaya wa Malam Ɗanyaro nufinsa, tsohon ya ce ya turo manyansa. Manyansa kuwa mutum ɗaya ce, mahaifiyarsa Hajiya Zouera, wadda ke hawa na goma sha ɗaya a unguwar Minguettes ta Lyon, ta rene shi ita kaɗai da aikin goge-goge a ofisoshi. Ta ce za ta yi bincike, kuma wannan haƙƙinta ne. Kuskurenta shi ne wadda ta aika. Ta aiki Nour, 'yar ƙawarta da ke Paris, wadda tun suna yara ake tsokanarta da matar Salifou, ita kuma ba ta taɓa ɗaukar zancen da wasa ba.

Nour ba ta je shagon Malam Ɗanyaro ba. Ba ta tambayi maƙwabta ba, ba ta tambayi liman ba. Ta laɓe bayan ginshiƙin gada ta ɗauki bidiyon daƙiƙa arba'in, Sabuwa tsugune, hannu cikin akwati, motar shara a bayanta. Ba ta tura wa Hajiya ita kaɗai ba, ta zuba shi a guruf ɗin hira na waya na matan unguwar su Hajiya, mutum sittin da uku, ta rubuta a ƙasa, "Ga amaryar Salifou tana cefane."

Mata sittin da uku, masu salla da azumi, kuma ba a samu ɗaya da ta ce a ji tsoron Allah ba. Waɗanda ke dafa shinkafa tukunya guda a biki su juye rabi a bola su ne suka fi kowa dariya. Zubar da abinci bai taɓa ba su kunya ba. Ɗaukarsa daga ƙasa shi ne abin kunya a wurinsu. Hajiya Zouera ma, don kada a ce ta ji ciwo, ta tura hoton dariya tare da su. Sannan ta kira ɗanta ta ce muddin tana numfashi, mai tonon shara ba za ta shigo gidanta ba.

A nan Salifou ya yi abin da ya fi na Nour muni, domin shi ya san gaskiya. Ya rubuta:

"Masoyiyata, don Allah ki ɗan dakata da zuwa kasuwar nan har a ɗaura aure. Ni zan riƙa sayo miki tuffa mai kyau. Inna za ta huce. Na wata biyu ne kawai."

Amsar ta zo kafin ya ajiye wayar.

"Salifou, ban saci tuffar kowa ba. Masu ita ne ke turo mini akwatin da hannunsu. In na daina don a aure ni, na yarda ke nan abin kunya nake yi. Ranar da muka haɗu ka ɗauke ni mabaraciya, na yafe, don ba ka san ni ba. Yau ka san ni. Kada ka zo Asabar."

Ya je duk da haka. Malam Ɗanyaro ya tare shi a ƙofar shago, almakashi a hannu, ya amsa gaisuwarsa cikakkiya, sannan ya gaya masa cewa shi bai haifi 'yar da za a ɓoye ba. Mai jin kunyarta ya tsaya a titi.

Mako uku ba ta amsa kiransa ba. Wata shidansa suka cika, ya koma Lyon, ya tarar Nour ta riga shi zuwa hutu, tana shiga gidansu da kwanon abinci tana kiran Hajiya Inna. Bai yi mata faɗa ba. Ya tambaye ta kawai ko ta san inda tuffar take zuwa. Ta ce ba aikinta ba ne ta sani.

Asabar ta farko, ya sa shaddarsa ta Sallah da hula, ya sauka kasuwar Minguettes daidai lokacin tashi, lokacin da matan unguwa ke jan kekunan cefanensu zuwa gida. Ya gaishe da wani Balarabe mai sayar da 'ya'yan itace, ya nemi izini, ya tsugunna gaban akwatunan zubarwa. Ya juya tuffa, ya shinshina, ya jefa a buhu. Ƙawayen mahaifiyarsa suka tsaya cak. Ya ɗago ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, Tanti wance ina wuni, ya gida, ya sanyi. Wata ta ɗaga waya, ya ce ta matso kusa don fuskarsa ta fito sosai.

Bidiyon ya riga shi isa hawa na goma sha ɗaya. Ya tarar Hajiya tsaye a tsakiyar ɗaki. Ta ce ya tozarta ta. Ta ce shekara talatin tana wanke banɗakunan Turawa don kada wani ya nuna ɗanta da yatsa. Ya gaya mata tsofaffin da Sabuwa ke dafa wa tuffar. Ya shiga kicin, ya juye buhun a bahon wanke-wanke, ya ɗauki wuƙa.

Salifou gwani ne a kan waya da ƙarfe, amma bai iya fere ba. Yana yanke ɓawon da rabin naman tuffar, yana jefawa a kwandon shara. Hajiya tana bakin ƙofa tana faɗa, idonta kuma yana kan kwandon. Ya fere ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu ta fizge wuƙar.

"Ba ni nan. Haka ake yi wa abinci?"

Ta fere ta siriri, ɓawon ya sauko zare guda bai tsinke ba. Ta ɗauki wata. Tana kan ta shida ta fara magana, ba ta dube shi ba. Ta ce shekarar yunwa tana da shekara tara, a ƙauyensu bayan Tasawa. Ita da uwarta suna fita da sassafe su tona gidan tururuwa, su kwashe tsabar geron da tururuwa ta tara, su sheƙe ƙasar, su dama kunu. Wata rana 'ya'yan wani mai shago suka gan su, suka bi su da waƙa har gida. A ranar ta rantse ba wani nata da zai ƙara sunkuyawa ƙasa don abinci.

Salifou bai taɓa jin wannan labarin ba. Ya ce a hankali, "Inna, a ranar nan wa ya yi laifi, ke ko su?"

"Su mana."

"To a guruf fa, da wa kika yi dariya?"

Wuƙar ta tsaya. Uwa ba ta son ɗanta ya yi mata irin wannan tambayar, ta kuma gaya masa haka, ta ce ya fita mata daga kicin. Ya fita. Yana zaune a falo ya ji tukunya ta fara tafasa, can kuma ya ji muryarta tana yin saƙo a waya. Ta ce ita ce Zouera. Ta ce yarinyar da aka yi wa dariya tsofaffinmu take ciyarwa, waɗanda ba wadda ta taɓa leƙa su a cikin masu dariyar, har da ita kanta. Ta ce ta nemi gafarar Allah, kuma duk wadda bidiyon ke wayarta ta goge, in ba ta goge ba kada ta zo mata biki. Nour ta fice daga guruf ɗin a ranar.

Sannan ta karɓi wayar Salifou ta kira Paris. Sabuwa ta ɗauka da niyyar kashewa, sai ta ji muryar babba. Ta gaishe ta da ladabi. Hajiya ta ce ta zalunce ta, tana roƙon ta yafe. Sabuwa ta ce ta yafe, amma gara a sani tun yanzu, ko a Lyon aka kai ta, ba za ta daina zuwa kasuwa ba.

"Ban ce ki daina ba, 'yata. Ki riƙa sa safar hannu, akwai ƙusa a akwatunan nan. Yanzu gaya mini, abin nan ya kama ƙasan tukunya, me zan yi?"

Sabuwa ta ce ta rage wuta ta ƙara ruwa cokali uku. Suka yi minti ashirin a kan tukunya ɗaya, Salifou na tsaye ba wadda ta kula shi. Da yamma ya rubuta mata:

"Sabuwata, na yi kuskure. Na ji tsoron bakin mutane fiye da ɓacin ranki. Ba zan ƙara ba."

"Na ga bidiyonka. Ka ɗauki ruɓaɓɓu guda biyu. Ka zo ka gaishe da Baba, angona, amma ka shirya, zai wahalar da kai."

Ya wahalar da shi kuwa. Sau uku Salifou yana hawa jirgi zuwa Paris kafin Malam Ɗanyaro ya ba shi kujera, a na huɗu Hajiya ta zo da kanta da goro da dabino.

Aka yi auren gwamnati a ofishin magajin gari ranar Juma'a da safe, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a a Goutte d'Or. Liman ya yi addu'a, jama'a suka shafa. Malam Ɗanyaro ya riƙe hannun ango ya ce ya ba shi ita a fili, ya riƙe ta a fili. Hajiya Zouera ta rungume amarya ta daɗe ba ta sake ta ba, ta ce Allah Ya sa albarka a hannuwan nan, Ya ba su zuriya mai tausayi, Ya hana su ganin ranar yunwa. Sabuwa ta ce amin cikin mayafi, Salifou ya ce amin da ƙarfi har na bayan sahu suka ji.