Nazneen a Ƙarshen Layi

Pervez maci amana ne, ba wani sunan da ya dace da shi. An damƙa masa babbar kwamfutar wata cibiyar bincike a Hyderabad ta ƙasar Indiya, wadda ɗalibai ke bin layi su saka aikinsu, shi kuwa ya mayar da layin tarkon neman aure.

A layin nan Nazneen ta haɗu da Shoeb. Tana digiri na uku, tana tantance ƙwayoyin halittar cutar tarin fuka, ga shi an cika gabanta. Shoeb ya janye aikinsa ya ba ta gurbi.

"Shiga, nawa binciken tsutsotsi ne, ba sa sauri."

"Haka kake yi wa kowa?"

"Yau na fara."

Daga nan shayi a kantin cibiya ya zama na mutum biyu.

Da Shoeb ya samu gurbin bincike a Jamus, ya tura manyansa neman auren Nazneen. Mahaifinta bai ɓoye musu komai ba.

"Ba ɗaurin aure sai ta miƙa kundin digirinta. In ya tashi ba ta miƙa ba, magana ta mutu. 'Yata ba za ta zauna jiran jirgi ba."

"Abbu, lissafin ƙarshe kaɗai ya rage."

"To, ki gama shi."

Sai dai lissafin ya ƙi gamuwa. Duk safiyar da ta duba, sai ta tarar an mayar da ita ƙarshen layi. Abinci ya daina shiga mata. Ta riƙa zarya zuwa teburin Pervez tana roƙo, yana ce mata injin ne ya cika. Shoeb ya ga zaryar, ya rubuto mata:

"Jaan, masoyiyata, kullum kina wurinsa. In kin sauya ra'ayi, faɗa mini, zan jure."

"Sakarai. Layi nake roƙo, ba miji ba. Tsoro nake ji, Shoeb."

Tafiya ta matso, sai ga saƙon Pervez:

"Bar mai tsutsotsin nan ya tafi. Ki ce in turo iyayena, gobe aikinki ya hau gaba."

Nazneen ta sake karanta saƙon. Kai ƙarar babba a cibiya ba wasa ba ne, ana iya cewa ita ta ba shi fuska. Duk da haka ta ƙwanƙwasa ƙofar Farfesa Kamakshi, mai duba aikinta, ta miƙa mata wayar.

Farfesa ta karanta, ta cire tabarau.

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ji maganar aurena, Madam."

"Je ki saka aikinki. Ba wanda zai sake taɓa shi."

Nazneen ta miƙa kundi ana saura kwanaki kaɗan Shoeb ya tashi. Aka ɗaura aure, aka ci shinkafar biriyani, Abbu ya dafa kansu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya raba ku da mugun mutum."

Pervez kuwa an karɓe kwamfutar daga hannunsa, an kore shi daga cibiyar, ba takardar shaida.