Girandar Hajiya Sa'adiya

Hantsi bai dubi ludayi ba Hajiya Sa'adiya, mai shagon injinan aiki a Gusau, ta faɗo ofishin Sufeto Khalid tana huci.

"Yallaɓai, Yazid ya ci amanata! Sabuwar giranda, injin yankan ƙarfe, na ba shi gwaji, wai an sace. Sayar da ita ya yi!"

Kowa ya san Yazid, kafinta ne a Tsafe. 'Yan kasuwa kan ba shi aron inji ya gwada, ya ɗauki bidiyo a waya, ya faɗa wa masu sana'a gaskiyar ingancinsa. Jarinsa kaf sunansa ne, ga shi Hajiya ta riga ta yaɗa a kasuwa cewa ɓarawo ne.

Sufeto ya tarar da shi a shago ya rafka tagumi, abin tausayi.

"Yaushe ka rabu da girandar?"

"Jiya da azahar. Na tai masallaci, ƙofa na saye, in dawo babu."

A ƙarƙashin benci Sufeto ya tsinci wani ƙarfe mai kama da rabin kwano.

"Wannan fa?"

"Murfin kariya na. Shi ka tare faifai in ya fashe. Ni ban taɓa cire shi ba."

Sufeto ya jinjina kai. Mai niyyar sayar da inji ba ya rage masa kaya. Wanda ya tsaya ya kwance murfi, aiki zai yi da shi, kuma masu walda ne ke da wannan baƙar ɗabi'a, wai murfi na tare musu gani.

Mai walda ɗaya ne a layin, Isah, shagonsa kuwa a garƙame. Maƙwabta suka ce yana Bungudu, yana haɗa wa wani ƙofar gida.

Can Sufeto ya same shi, hannunsa naɗe da tsumma.

"Malam Isah, me ya sami hannun?"

"Lauje na, yallaɓai. Gona nit tai."

"Wa ya yanka ƙarafan nan?"

"Ni, da zarton hannu."

Sufeto ya duba bakin ƙarfen. Ya yi shuɗi don zafi, abin da zarton hannu bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi. Ya sa ƙafa ya tono gutsuren faifai daga cikin yashi.

"Shi ma lauje ne?"

Isah ya ɗaga wani buhu, sai ga giranda.

"Tawa ta ƙone, mai gida na matsa min. Na ce in gama in maido, kunya ta hana ni roƙo. Da faifan ya tashi, Allah ya sa hannu ya samu, ba ido ba."

"Sai mu biya asibiti tukuna, sannan ofis," in ji Sufeto, ya sa shi a mota.

A Gusau, Hajiya ta karɓi kayanta tana sunkuyar da kai a gaban Yazid, wanda Sufeto ya kirawo shagonta.

"Ɗana, ka yafe min."

"Na yafe, Hajiya. Amma cikin kasuwa kinka faɗa."

Hajiya ta gyara mayafi, ta fito bakin shago inda jama'a suka taru.

"To kunna wayar taka," ta ce. "Da bakina zan faɗa kai ba ɓarawo ba ne."