Dodo a Hannun Abba

"Auta! Ke Auta! Wai har yanzu kina kan wannan mummunan abin?"

Yaya ce ta ɗaga labule tana magana, ko mayafi ba ta ajiye ba. Auta na zaune a bakin gado inda hasken taga ke faɗowa, kwarashi na shiga yana fita cikin koren zare, dunƙulen zaren ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Ba mummuna ba ne, Yaya. Dodo ne."

"Au, dodo kyakkyawa ne a wajenki? Ke dai ki rage wa kanki tenshan. Abba ya ce a'a. Tun da aka haife ki kin taɓa jin ya ce a'a ya dawo ya ce e? An karɓe miki waya, an hana ki fita, amma kin zauna kina saƙa wa Sau Uku 'yar tsana!"

"Ba sunansa ke nan ba," in ji Auta.

Yaya dai irin mutanen nan ce da in suka zo yi maka jaje sai ka fi jin ciwo, alhali har ga Allah tausayinka suke ji. Ita ta laƙaba wa saurayin Auta wannan suna, wai don kowace kalma sai ya faɗe ta sau uku.

A laburare yake aiki, sashen yara. Duk safiyar Asabar yakan tara su a kan darduma ya ba su labari, da wata tsohuwar safa a hannunsa wadda ya liƙa wa maɓallai biyu a matsayin idanu. Can Auta ta fara ganinsa, ranar da ta raka 'ya'yan Yaya. Muddin safar na hannunsa, magana zuba take kamar an buɗe famfo, yara na ta kyakyata dariya. Da ya cire ta, ya zo gaida Auta, sai in'ina ta shaƙe shi.

"Sori, ina ɓa-ɓa-ɓa..."

Ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta miƙe. Auta ta san kalmar da yake nema, amma ba ta faɗa masa ba. Cewa ta yi, "Ba sauri nake ba." Daga baya ya gaya mata ita ce mutum ta farko da ta bar shi ya ƙarasa maganarsa da kansa, kuma tun daga ranar zuciyarsa ta zama tata.

Labarin da yara suka fi so nasa shi ne na dodon da ya faɗa rijiya. Kullum yana ruri daga ƙasa, mutane na gudu, ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji me yake cewa. Sai dai yaran sun dame shi da ƙorafi, wai wannan ai safa ce, ina dodo ya taɓa zama safa? Auta ta yi dariya, ta yi musu alƙawarin za ta saƙo dodo na gaske, mai ƙaho da baki mai buɗewa.

Ba ta kai rabi ba ya zo gaida Abba.

Abba mai gyaran agogo ne, shagonsa a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya waje ɗaya ciki. Mutum ne da ke tsimin magana kamar da kuɗi ake saye. "Zo." "Tafi." "Ya isa." Unguwa duk ta ɗauka kwarjini ne, 'ya'yansa ma haka. Ranar ya dubi saurayin ya ce, "Sana'a?"

"A la-la-la..."

Shi ke nan, harshe ya ƙi. Gumi ya karyo masa, Yaya ta saki 'yar dariya a bayan labule, Abba kuwa ya kawar da kai ya zuba wa agogon bango ido, fuskarsa a murtuke. Bayan baƙon ya tafi kalma ɗaya ya furta: "A'a." Da ya tarar da Auta na kuka a waya, sai ya miƙa tafin hannu. "Waya." Ta ba shi. "Laburare, a'a."

Tun daga nan gidan ya zame mata keji. Agogunan shago na bugawa ta cikin bango daga safe har yamma, kowanne na tuna mata lokaci na tafiya ita tana zaune. Ranar Asabar takan tsaya a bayan ƙarafunan taga tana kallon yara na wucewa da gudu, ta san inda za su, ta san wa ke jiransu. Abinci ya daina yi mata daɗi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba a gaya mata laifinsa ba, ballantana ta kare shi.

Yaya ta dubi ramar da ta yi, jikinta ya yi sanyi. Ta zaro waya daga jaka ta rage murya. "Ungo, kira shi. Ni zan tsare miki ƙofa."

Auta ta kalli wayar, hannunta har ya ɗago. Sai ta mayar da shi kan zare. "A'a, Yaya. In na bi ta bayan Abba, ko ya amince daga baya ba zan ji daɗin auren ba."

"To ki zauna ki ruɓe!" Yaya ta fice tana share ido.

Saƙa ta yi nisa, sai ga matsala. Irin wannan 'yar tsana hannu ake zura mata, babban yatsa ya shiga haɓar ƙasa, sauran huɗun su shiga ta sama, don baki ya buɗe ya rufe. In ta matse, yatsu ba sa motsi, in ta yi yawa kai ya langaɓe. Auta kuwa ba ta san girman hannun saurayinta ba, gani kawai take yi. Ta gwada da nata, ya yi kaɗan. Ta je wajen Umma a kicin.

Umma ta nuna mata nata hannun, ɗan ƙarami. "Hannun namiji ɗaya ne a gidan nan, kin kuma san inda yake."

Ta shiga shago ta durƙusa. Abba na duƙe kan tebur, ɗan madubi a idonsa.

"Abba, alƙawari na yi wa yara tun kafin ka hana ni. Ba zan ɓoye maka ba, shi zai sa a hannunsa. In na gama kai zan ba, in ka ga dama ka kai, in ka ga dama ka ƙona. Hannunka kawai nake so in gwada."

Ya daɗe yana kallonta. Can ya ajiye hantsaki, ya miƙo hannun dama.

Haka abin ya zama. In ta saƙa 'yan layuka sai ta zo ta zura masa, in ya matse ta ja zare ta warware, ta sake. Wanda duk ya leƙo shagon a irin wannan lokaci zai ga dattijon da unguwa ke shakka zaune ƙiƙam da rabin dodo a hannu, fuska ba annuri. Wani mai karɓar agogo ya taɓa tuntsirewa da dariya, Abba ya dube shi sau ɗaya, mutumin ya haɗiye ta.

Wata rana da la'asar ta kawo gwajin ƙarshe. Ƙaho sun tsaya, jan harshe ya zauna, idanu kawai suka rage. Ta zura masa ya shiga daidai. Sai ta tuna in ta gama yau ba ta da sauran abin riƙewa, hawaye suka ɓalle mata.

"Abba, don Allah... ban taɓa saɓa maka ba. Ka gaya min me ya yi. Ko ba za ka canza ba, ka gaya min kawai!"

Abba ya buɗe baki. "Ba-ba-ba-ba..."

Ya tsaya. Leɓensa na karkarwa, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya runtse ido, daidai yadda ta sha gani a fuskar wani. Auta ta daskare a durƙushe. Tun tasowarta ba ta taɓa jin mahaifinta ya ɗauko doguwar magana ba, sai yau ta gane dalili. Ta san kalmar da yake nema, amma ta yi shiru tana jira.

Abba ya sunkuyar da kai, idonsa ya faɗa kan abin da ke hannunsa. A hankali babban yatsansa ya motsa. Bakin dodo ya buɗe, wata murya mai kauri ta fito, tana tafiya sumul.

"Yaron bai yi komai ba. Ubanki kansa ya gani a jikinsa, shi ya sa ya kasa kallonsa." Abba dodon yake kallo, ba 'yarsa ba. "Wannan tsohon da kike gani, tun yana yaro ake masa dariya. Ya zaɓi agogo don agogo ba ya tambaya. Ya koyi faɗin kalma ɗaya ya yi shiru, mutane suka ce kwarjini. Bai taɓa ba 'ya'yansa labari ko ɗaya ba. In an je asibiti uwarku ke bayani, in an je makaranta uwarku, in baƙi sun zo uwarku. Ya mayar da 'yar mutane bakinsa har ta tsufa. Ba ya so a ɗora wa autarsa wannan kayan."

"Wa ya ce maka kaya ne?"

Umma ce tsaye a ƙofar ciki, kofin shayinsa a hannunta. Ta dire shi a tebur har ya fantsala.

"Abban yara, ashe abin da kake ɗauke da shi ke nan? Ka taɓa tambayata? Ni da na aure ka ina sane! Lokacin da kake zuwa wajena kana maƙalewa a sunana, wallahi ba abin da na fi so in ji. Ban taɓa gajiya da jiran ka ƙarasa magana ba. Abin da ya gajiyar da ni shi ne da ka daina farawa." Ta share ido da gefen ɗankwali. "Yaron nan ya fi ka jarumta, in gaya maka. Shi a gaban mutane yake tsayawa da nasa."

Abba ya zare dodon a hankali ya kwantar da shi kan tebur. Ya jawo aljihun tebur, ya tona cikin tarkace, ya fito da ƙananan gilasan agogo biyu ya ɗora a tafin Auta.

"I-i-idanu," ya ce.

Safiyar Asabar ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba. "Auta, ɗa-ɗauko mayafinki." Umma ma ta shirya, Yaya ta biyo su da 'ya'yanta, wai ita ba za a ba ta labari ba.

Sun tarar an fara. Saurayin ya rame, tsohuwar safar na hannunsa. Yana ganinsu safar ta yi shiru. Abba ya ratsa tsakanin yara ya miƙa masa dodon, idanun na ƙyalli. Yara suka ɗauki ihu: "Na gaske! Wallahi na gaske!"

Saurayin ya zura hannu, ya shiga kamar da shi aka auna. Ya ci gaba daga inda ya tsaya, yadda wata yarinya ta ƙi gudu, ta zauna a bakin rijiya har rurin ya ƙare, sai ta ji ashe igiya yake roƙo. Abba na zaune kan 'yar kujerar yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, bai ɗauke ido ba har aka gama.

Da yara suka watse, ya tashi ya tsaya gaban saurayin, a gaban iyayen da suka zo ɗaukar 'ya'yansu, hannunsa ba komai.

"Ka-ka-ka yafe mini. Ka tu-tu-turo ma-ma-manyanka."

"Na-na-na-na..." Idon saurayin ya cika. Ba wanda ya taimaka masa, ba wanda ya kalli agogo. "...gode, Abba."

Yaya ta matso kunnen Auta. "To fa! Yanzu kuma sau shida ke nan a gidanmu." Umma ta kai mata duka a kafaɗa, Auta na dariya tana kuka.

Bayan biki aka sami sabon abu a gidan: in jikoki sun zo, Abba kan rufe shago da wuri ya ba su labari. Labarin kan daɗe, amma ba mai tashi.

'Yan uwa matasa, da Auta ta karɓi wayar nan ta bi ta bayan gida, da ta sami muryar saurayinta ta ɗan lokaci, ta rasa ta mahaifinta har abada. Haƙuri da gaskiya suka ba ta duka biyun. Ku kuma iyaye, kafin ku ce a'a, ku duba ko tsohon ciwonku kuke gudu, ku kuma tambayi wanda kuke zaton kun ɗora wa kaya. Wanda ke sonka ba ya ƙarasa maka magana, zama yake ya jira ka.