Labarin Wa Kika Rubuta?

Babbar Sista, shugabar sashenmu, ta jefa littafina kan tebur har bironta ya gangara ƙasa.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Matar da ta daɗe ba ta haihu ba, dangin miji suna ta cin namanta, alhali matsalar daga mijin take."

"Shi ne."

"To labarin wa kika rubuta?"

Gimbiya na tsaye a gefe ta harɗe hannuwa. Abokiyar aikina ce, mun laƙaba mata sunan ne don ko zanin gado za ta canza sai ta yatsine fuska. Tun da aka fara batun ba ni riƙon ɗakin haihuwa gaisuwarmu ta koma ta fatar baki.

"Ni dai gaskiya na faɗa, Sista," in ji ta. "Akwai ma'auratan da suka yi ta zuwa nan bara. Sak labarinsu ne, har yadda mijin ke laɓewa a tsallaken titi kada a gan shi."

"Maza nawa ne ke laɓewa a tsallaken titin nan?" na ce. "Ki leƙa taga yanzu ki ƙirga."

Babbar Sista ta ɗaga mini hannu. "Sirrin majinyaci ba abin wasa ba ne. Ranar Litinin ki faɗa mini inda kika samo shi, ko ki ajiye katin aikinki."

"Ban taɓa sirrin majinyaci ba. Kuma ba zan faɗa ba."

Na ɗauki jakata na fita kaina a sama.

Labarin namu ne, ni da mijina. Kafinta nake ce masa, sana'arsa ke nan. Da likita ya gaya mana sakamakon gwaji, a gabana ya zauna a dandaryar ƙasa ya yi kuka, ni kuwa na rantse masa babu mai ji daga bakina. Aka yi masa aiki, ya sha magani, Allah ya ba mu ɗiyarmu. Har yau danginsa sun ɗauka ni aka yi wa magani.

Shi da kansa ya ce in rubuta, in canza sunaye da sana'a, ko wani namijin zai daina ɓuya a bayan matarsa. A waya na rubuta shi, a cikin bas, da lokacin hutun cin abinci, da gaban tukunya ɗiyata na rataye da zanina. Wani babin ma da warin maganin wanke hannu na gama shi.

Ina isa gida na tarar da takalman Yaya, babbar yayarsa, a bakin ƙofa. Ashe Gimbiya ta riga ni kai labari, ƙawar ƙanwar Yaya ce.

"Sannu marubuciya," in ji Yaya. Ko gaisuwata ba ta amsa ba. "An ce korarki za a yi."

"An ce dai."

"Dama na faɗa. Mace ɗaya, asibiti, gida, ga kuma rubutun soyayya kamar wata budurwa. Ƙanina ne ke guge miki fararen kaya, duk unguwa an sani."

"Ya fi ni iya guga ne, Yaya."

"Bakinki ke nan. Mun yi haƙuri da ke shekara da shekaru ba ko ɓatan wata, ba mu ce ya sake ki ba. Sakayyarmu ke nan, ki jawo mana abin faɗa?"

Gaskiyar ta zo mini har baki. Na haɗiye ta, kamar yadda na saba.

"Litinin zan raka ki," ta ce tana gyara mayafi. "Ki ajiye musu aikinsu da mutuncinki, ki dawo ki zauna a ɗakinki."

"Rakiya dai ba na hana ki. Amma aiki sai sun ƙwace, rubutu kuma ko su ba su isa ba."

Bayan ta tafi Kafinta ya fito daga shagonsa na bayan gida, garin katako har girarsa. Ya ji komai, fuskarsa ta nuna.

"Sistata..."

"Kada ka fara."

"Zan je in faɗa musu."

"Ba ka zuwa ko'ina. Alƙawari na yi."

"Ni na sa ki yi shi, don ni matsoraci ne."

"Kada ka ƙara zagar mini miji." Na share masa gira da bakin mayafina. "Na san yadda mutane suke, Kafinta. Ni na riga na saba da bakinsu. Kai ba ka saba ba."

"Aikin nan ranki ne."

"Kai ma haka."

Ya riƙe hannuna kawai. Ni kuwa na ɗauka na ci gardama.

Litinin da safe na sa fararen kayana, na tafi da Yaya a gefena tana ta yi mini nasihar da ban roƙa ba. Babbar Sista ta bar ta ta shigo. Gimbiya ma tana nan, ta sha kwalliya kamar ranar ƙarin girma.

"Kin yi tunani?"

"Na yi. Amsata ba ta canza ba."

"To katinki."

Na kai hannu ƙirjina zan cire, ina jin hawaye na taruwa, na hana su zuba. Ba a gaban Gimbiya ba.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Shi ne. Mutumin da ko zazzaɓi yake ba ya yarda ya taka harabar asibitin nan, ga shi tsaye da rigar aiki, fensir a bayan kunne.

"Ku gafarce ni," ya ce. "Ni ne mijinta. Ni ne kuma mutumin da ke cikin littafin."

"Kafinta, don Allah..."

"Bari, Sistata." Bai sunkuyar da kai ba. "Matsalar tawa ce. Ni aka yi wa aiki, a wani asibitin, likitan yana nan da ransa in kuna son tambaya. Ita lafiyarta ƙalau tun farko. Ni na ce ta rufa mini asiri, ni na ce ta rubuta."

Gimbiya ta shiga gyaran agogon hannunta.

Yaya ce ta fara magana, da ƙyar. "Kai... kana ji ina faɗa mata abin da nake faɗa?"

"Ina ji, Yaya. Kullum ina ji."

Babbar Sista ta turo mini littafin a hankali. "Bar katinki a ƙirjinki, masu naƙuda na jiranki." Ta dubi Gimbiya. "Ke kuma tsaya, muna da magana."

A baranda na tare shi. Hannunsa sanyi ƙalau, gumi na bin wuyansa.

"Wa ya aike ka?" na ce, ga hawayen da na hana ɗazu sun samu hanya.

"Matata za a kora."

"Gobe duk dangi sun ji."

"Su ji. Na gaji da tsallaken titi, masoyiya."

Ban taɓa son sa kamar lokacin ba, na kuma faɗa masa, a nan gaban masu jiran ganin likita.

Yaya ta ƙaraso tana murza bakin mayafi. Matar da ba a taɓa rufe mata baki ba, yau ta rasa ta inda za ta fara.

"Ƙanwata... ban san da wane ido zan dube ki ba. Me zan yi ki yafe mini?"

Na dube ta sosai. Zafin shekarun nan ba zai huce a baranda ba, ban kuma yi mata ƙaryar ya huce ba.

"Yafiya za ta zo, Yaya, amma ba yau ba. Yau ki ɗauko mini ɗiyata daga makaranta, ki riƙe ta har yamma. In na tashi aiki ina da babin da zan ƙarasa."

"To," ta ce. "Ƙarfe nawa suke tashi?"