Hasken da Ya Shiga Inuwa

A saman bene suka haɗu, rana ta faɗi ke nan. Ta hau kwashe shanya, shi kuma an kira shi ya ɗaura musu dish ɗin talabijin. Maimakon ya tsare ta da ido irin na samari, sai ya nuna mata wani haske yana ratsa sama, ba ya ƙyaftawa.

Ta ce jirgi ne. Ya ce tashar 'yan sama jannati ce, da mutane a cikinta, hasken rana take maidowa. Suna cikin kallo, hasken ya dushe a tsakiyar sama.

Tun daga ranar, duk sa'ad da tashar za ta wuce sai saƙonsa ya shigo: “'Yar bene, hau. Daga yamma za ta ɓullo. Ki kalla, ni ma ina kallo.”

Da labari ya kai kunnen Baba, ya ce mai ido a sama rami yake faɗawa, kuma ba da 'yarsa ba. Ga ɗan amininsa mai sayar da motoci, ƙafarsa a ƙasa.

Kwatsam saƙo ya ɗauke. Gwaggo ta samu abin faɗa: son da aka ƙulla kan hasken da ke mutuwa a tsakiyar hanya, ai ƙarshensa a fili yake. Manya ba sa rasa irin wannan magana mai daɗin ji, wadda ba wanda ya taɓa gwada ta.

Yarinyar ta sha kuka kafin Mama ta tsegunta mata cewa Baba ne ya hana saurayin turo saƙo. Nan take ta share hawaye, ta duba lokacin wucewar tashar a waya da kanta, ta lallaɓa Baba suka hau bene. Hasken ya zo, ya wuce, ya dushe.

“Kin gani? Ya mutu.”

“Bai mutu ba, Baba. Inuwar duniya ya shiga, yana nan yana tafiyarsa. Haka ma yaron nan: kai ka ce ya yi shiru, ya bi umarninka. Gobe ka zo ka ga ko yana saɓa alkawari.”

Washegari Baba ya riga ta hawa. Da hasken ya ɓullo, ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya ce dish ɗin nan kamar ya karkace, a kira masa yaron nan.

Ranar ɗaurin aure, Gwaggo ce kan gaba wajen sa albarka, tana cewa ita dama ta faɗa. Wayar amarya ta yi ƙara:

“'Yar bene, na fito daga inuwa.”

Allah ya bar su tare, ido a sama, ƙafa a ƙasa.