Faɗuwar Bara'atu a Gidan Suna

Durƙusawar ba ta ba ta wuya ba, tashin ne ya tona mata asiri. Bara'atu ta gaida Hajiya Jumai, uwar saurayinta, ta yi mata barka da samun jika, ta yunƙura za ta miƙe, sai tsakar gidan ya juya da ita. Ta kai hannu, babu abin kamawa. Ji kake rim, ta kife a kan tiren shinkafar suna, miya har a mayafinta.

Mata sun fi arba'in a gidan. Wasu na salati, wasu na dariya ciki-ciki. Da ƙyar ta tashi tana tangaɗi, fatar idonta na hagu sai rawa take yi.

Ihsan ce ta fara magana, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda kowa a dangin ya san ta fi shekara uku tana dakon Bahauddeen, saurayin Bara'atun. Ba ta ɗaga murya ba, ta dai tabbatar kowa ya ji.

"Hajiya, ku bar ta ta huce... irin wannan jirin ai a kwalba ake sayar da shi."

Daidai lokacin Bahauddeen na bakin zaure, ya shigo da katan ɗin lemo. Ya ji. Bara'atu kuma ta ga ya ji. Bawan Allahn nan sai ya ajiye katan ɗin, ya sunkuyar da kai, ya koma waje wurin maza.

Abin haushin, babu wanda ya kai shi sanin gaskiyar lamarin. Ƙari ne ya fito mata a kan jijiyar ji ta kunnen hagu, can cikin kai, bai wuce girman gurjiya ba. Ba ciwon daji ba ne. Wata huɗu kafin sunan, mahaifiyarta Ya Fanna ta raka ta Legas aka gasa shi da haske, ba yanka ba ɗinki. An dai kafa mata wani ƙarfe a ka da kusoshi huɗu, biyu a goshi biyu a ƙeya, don kada kan ya motsa. Ta kwanta a cikin injin kusan awa guda, ba zafi ba komai, ita kaɗai da ƙarar nan mai kama da kukan gyare da ba ta barin kunnenta. Likita bai ɓoye mata ba: ƙarin ba fita zai yi ba, zai ma kumbura tukuna, jiri ya ƙaru na wasu watanni, sannan ya tsaya da girma in an dace. Kunnen kuwa ta yi haƙuri da shi, ba zai ƙara ji ba.

Kullum Bahauddeen na kan waya a lokacin, har kuka ya yi mata. Abu ɗaya ya roƙa, kada Hajiya ta ji. Ya ce muddin ta ji an ce ƙari a ka, to aure ya tashi, a bari a ɗaura tukuna shi da kansa zai zauna da Hajiyar ya yi mata bayani. Bara'atu ta yarda, don tana sonsa kamar me. Tun daga nan ta koma sauko da ɗaurin ɗankwali har kusan gira, don rufe tabon kusoshin.

To maganar gidan suna ba ta kwana a gidan suna ba. Cikin sati uku ta zaga Azare ta leƙa har Bulkachuwa, garin kakannin Bahauddeen. Ihsan ta ƙara mata gishiri, wai Legas ɗin ma gidan gyaran 'yan ƙwaya aka kai ta. A firamaren da Bara'atu ke koyarwa, iyaye biyu suka je suka ce a sauya wa 'ya'yansu aji. In ta dafa bango a hanya don jiri, sai ta ga matasan bakin titi suna taɓa juna. Ya Fanna ta sha ɗaukar mayafi za ta je ta yi wa gidan Hajiya wankin babban bargo, Bara'atu na tare ƙofa tana cewa ta yi alkawari.

Shi kuwa gogan, saƙonni yake ta turowa daga wurin aikinsa a Shira. Zuciyata kaza, hasken idona kaza. Sai ranar wata Juma'a bayan la'asar ya ga damar zuwa. Ta fito zaure ta tsaya, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba.

"Ki ƙara haƙuri, Zuciyata. Saura wata biyu fa biki. Magana ce, za ta wuce."

"Ni mai kunne ɗaya na ji abin da Ihsan ta ce. Kai mai biyu fa?"

Ya shiga kame-kame, wai wurin cike yake da mata, wai da ya buɗe baki da komai ya lalace, wai ai don su biyun yake yi.

"Wato gara Hajiya ta ɗauke ni 'yar maye da ta ɗauke ni marar lafiya?"

Ya hau wasa da mukullin mashin. Ta jira, ta ƙara jira. Sannan ta ce masa ta janye alkawarinta na rufe maganar, ya je ya san da haka. Ta shige gida, zuciyarta na tafasa, hawaye na bin kuncinta, don ko a lokacin son nasa bai ragu da komai ba.

Washegari da hantsi ta ɗauki ambulan ɗin hotunan asibiti ta nufi gidan Hajiya Jumai. Ta same ta a rumfa, Ihsan na gefe tana tsintar wake. Sallamar ma da ƙyar aka amsa, Hajiya ta kawar da kai ta ce in kuɗin kwalba ne ya ƙare, nan ba wurin nema ba ne.

"Hajiya, ki gafarce ni, yau ba zan durƙusa ba. In na durƙusa faɗuwa zan sake yi."

Ta ture ɗankwalinta baya, tabo biyu suka bayyana a goshi. Ta juya ta nuna na ƙeya. Ta zaro hoton kan, ta ɗaga shi saitin rana, ta ɗora yatsa a kan ɗan farin dunƙulen da ke bayan kunne. Ta faɗi komai tiryan-tiryan, ba ta tsaya ba.

Hajiya ta daɗe tana kallon hoton.

"An cire shi?"

"Ba a cire ba, yana nan. Likita ya ce da shi zan zauna. Kunnen nan kuma ya tafi."

Bara'atu ta gyara tsayuwa tana jiran kora. Sai ta ji yatsun tsohuwar a goshinta, suna shafa tabon a hankali. Hajiya ta jawo kujera ta zaunar da ita, ta tambayi ko ɗanta ya sani. Da ta ji amsar, fuskarta ta sauya. Ta dubi Ihsan ta ce ta ajiye waken nan, ta bi duk gidan da ta kai maganar ta kwaso abinta, in ba haka ba kada ta ƙara tako mata gida. Sannan ta ƙwala wa Bahauddeen kira, ya fito daga ɗakinsa ko hula babu.

"Ni ka ce zan guji marar lafiya? Shekara tara ina jinyar ubanka, ni ke juya shi, ni ke wanke shi, a gabanka. A ina ka taɓa ganin na tsere wa ciwo?"

Nan jikin Bara'atu ya yi sanyi, ba don daɗi ba. Ta ɗago ta zuba masa ido. Duk wulaƙancin nan da ta haɗiye, ashe ba a kan komai ba ne.

"Ashe ba Hajiya kake tsoro ba, Baha. Kai ne kake jin kunyata."

Ya rantse, ya sake rantsewa, sannan rantsuwar ta ƙare masa. Ya zauna a bakin rumfar ya riƙe kai. A hankali ya faɗa, wai ya yi ta sa rai kafin biki komai zai warware, kunnen ya dawo, ba sai kowa ya sani ba. Wai abokai ne, bai san yadda zai yi ba ranar da za su fara ce masa mijin kurma.

"Tun ina Legas na gaya maka ba zai dawo ba."

"Wallahi ina sonki, Bara'atu... ina sonki."

Ta yarda da shi, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Yana sonta, amma wadda ta tafi Legas yake so, ba wadda ta dawo ba. Ta mayar da hoton cikin ambulan, ta ce wa Hajiya ta gode, Allah ya saka da alheri, kawunta zai dawo da kayan sa rana kafin Juma'a.

Hajiya ta share ido da bakin zane. Ta ce ita kam ta so a ce 'yarta ce, amma ba za ta roƙe ta ba, don ba ta da fuskar roƙo.

Bahauddeen ya zube a gaban uwarsa.

"Hajiya, don Allah ki sa baki."

"Sati uku ana cin mutuncin yarinyar nan, naka bakin yana ina?"

Ta tsallake shi, ta kama hannun Bara'atu ta miƙar da ita. Tare suka fita har bakin titi, tsohuwar na riƙe da ita gam a gaban duk masu shagon layin, ba ta sake ta ba sai da ta ga ta zauna daidai a cikin Keke Napep.